Asid a Cikin Buta

Oga Ɗangoggo ne ya lalata wa Manniru ido, ko da yake ba hannunsa ne ya zuba ba.

Wajen walda gare shi a Durumi, yana ƙera ƙofofin ƙarfe na sababbin gidajen da ke ta tsirowa a Abuja. Kafin a yi fenti sai an wanke tsatsa da asid, amma ba safar hannu, ba gilashin kare ido. Ranar da mazubin asid ya tsage, sai ya ce wa Thaddeus, daɗaɗɗen ma'aikacinsa, ya juye a buta.

"Oga, buta fa? Mutane suna ɗauka."

"Kai salla kake yi da za ka koya mini buta? Bakinta siriri ne, ba ya ɓarna. Zuba, mota na jira!"

Thaddeus ya zuba, ya tura ta bayan injin walda. Hankalinsa bai kwanta ba. Yana aiki yana waiwayenta, har aka kira shi ɗora ƙofa a mota.

* * *

Wani ihu ne ya dawo da shi a guje. Manniru, mai goge ƙarfe, ɓurɓushi ya faɗa masa a ido, ya lalubo buta, ya ɗaga kai ya tsiyaya. Ga shi nan yana birgima a ƙasa yana kiran sunan Allah.

"A shafa masa manja!" in ji Oga. "Kada wanda ya kai shi asibiti, rufe mini wuri za a yi."

"Oga, matsa!"

Thaddeus ya ja Manniru bakin titi, ya tare mai ruwa da kurarsa.

"Juye duka, malam, kar ka tsaya!"

Jarka bayan jarka, Thaddeus yana buɗe masa ido da yatsunsa.

"Tadiyos, ba na gani."

"Kar ka murza, ɗan'uwa. Buɗe. Ƙara buɗewa."

Sai da ruwan ya ƙare ya tare tasi.

* * *

Likita ta ce ruwan nan ne ya ceci idon hagu. Na dama ya tafi.

Da magana ta kai kotu, Oga ya roƙi Thaddeus da ya ce ganganci ne na Manniru. A gaban alƙali Thaddeus ya ce shi ya zuba asid ɗin a buta da hannunsa, ya kuma faɗi wanda ya sa shi.

Aka rufe wajen waldar. Ɗangoggo ya samu ɗaurin shekara biyu.