Ni da Baba a Kan Dalar Masar

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan tabarma, na yi wani mafarki. Wai ga ni a ƙasar Masar na nufi wata babbar dala, a kan tsohon kekena da na sayar tun ina koyarwa a firamare. A bayana Baba ne zaune. Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwarsa, amma ko tari ba ya yi.

"Taka a hankali, Shu'aibu," ya ce. "Dutse ba ya gudu."

Ashe yana gudu. Duk lokacin da muka matso, sai dalar ta ja da baya kamar akuyar da ta ga igiya. Sai da na juya keken muka ba ta baya, sannan ta biyo mu.

A bakin ƙofa wani raƙumi ne mai tabarau yake duba baƙi. Bai tambayi fasfo ba. Ya ce kowa ya faɗi ƙamshin da ya fi tunawa.

Na ce, "Rigar Baba idan ya dawo daga aiki."

Raƙumin ya shinshina iska, ya buga mini hatimi a goshi.

Can gefe ga zakin nan mai kan mutum yana kwance, mura ta dame shi, ga shi ba hancin da zai fyace. Baba ya yi masa sannu, ya ɓantaro masa goro. Na tambayi zakin ko sarkin da ya gina wurin yana ciki.

"Ya ɗan fita," in ji shi. "Shekara dubu huɗu ke nan. Ya ce yanzu zai dawo."

Baba kuwa hankalinsa na kan ginin. A zamaninsa lebura ne a Ƙofar Mazugal, cikin masu jera buhunan gyaɗa har su zama dala. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa dutse, ya sa yatsa a tsakani.

"Ba laifi, sun iya jeri," ya ce. "Amma ba su rufa tamfol ba. Ruwa ɗaya zai lalata musu kaya."

Nan take aka fara ruwan. Daga cikin yashi yake fitowa yana hawa sama, sai tafin ƙafarmu kawai ya jiƙe.

Sai ga mu muna hawa. Kowane dutse muka taka, Baba sai ya ƙara ƙuruciya, ni kuma gwiwata ta ƙara nauyi. Kafin mu kai tsakiya furfurarsa ta kaɗe, duwatsun kuma sun zama buhuna masu ɗumi. Shi ya riƙa miƙo mini hannu.

Daga ƙololuwa ba Masar na hango ba. Kano ce ta da, jirgin ƙasa yana hayaƙi, ga gidanmu da bishiyar dabino, ga Inna tana shanya kuka a tsakar gida. Na ɗaga mata hannu. Ta ɗago kai ta ce in sauko kafin in faɗi.

A nan maganar da na daɗe ina riƙewa ta taso mini. Lokacin da ya rasu ina aiki a Gembu, wasiƙar sanarwa ba ta same ni ba sai bayan kwana tara.

"Baba, ban zo jana'izarka ba."

Ya dube ni yana gyara gammo. "Ni ma a kwance na je. Ban ga wanda ya zo ba."

"Ka yafe mini."

"Kai dai kama mini nan."

Buhu ɗaya ya rage, wanda za a ɗora a can saman. Na kama kunne biyu, ya kama biyu. Muka ce bismillah tare, na ɗaga, na ji nauyin ya bar hannuna ya koma kansa. Ya miƙe tsaf, saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, yana dariya.

"Ashe ka yi ƙarfi," ya ce.

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi da ƙara. Na buɗe ido na ga hannuwana a sama, matata Lantana tana tsaye da buta.

"Malam, me kake ɗagawa haka?"

Na ce mata ta ba ni minti ɗaya tukuna, kafin in sauke.