Ranar Da Aka Wanke Rijiyar Tungar Sahabi

Rijiyar Tungar Sahabi a cikin kwari take, ƙasa da garken shanu, ƙasa da juji, ƙasa da inda mutanen gari ke zagawa da safe. Da damina ruwa kan kwaso duk wannan ya gangaro ya kwanta a bakinta. Ba ta da wani zurfi, igiyar ɗaure akuya ta isa a ja guga. Ruwanta kamar jiƙon tsamiya yake, in ya kwana a randa sai ka ga ƙananan abubuwa suna yawo a ciki. Amma tambayi mutanen garin ka sha labari: ruwan kakanninsu ne, bai taɓa kashe kowa ba.

Dijatu ta san ya kashe. Ƴaƴa biyu ta rasa, kowanne bayan yaye. Da sun bar nono sun koma koko da ruwan randa, sai zawo, sai ido ya faɗa, sai a wuce da su a tabarma. A disfansar ta Filinge an gaya mata ƙarara ruwan nan ne. Yanzu tana goye da Balkisu, ga wani cikin ya shiga, wato ko tana so ko ba ta so yaye na nan tafe. Tsoro take ji.

Zamanin soja ne. Wata rana gardi, dogarin gwamnati, ya zo daga wajen kumandan mai mulkin yankin, ya ce masu binciken ruwa daga Yamai za su zagaya ƙasar Kurfai, su ɗebi ruwan kowace rijiya su je su auna. Bai faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambaya. A lokacin, in an ce za a zo duba abu, kowa ya san abin da ke biye: wanda aka samu da ƙazanta shi zai kwana a kulle. Maigari Isufu ya tara maza, aka ɗora aikin a kan Magagi, sarkin samari, mijin Dijatu.

Kai, ba a taɓa ganin himma irin ta ranakun nan ba! Rijiyar da ba a yashe ba tun Magagi na yaro, aka kwashe ta har ƙasa. Aka fito da baƙar laka, da ruɓaɓɓun gugaye, da ƙasusuwan da ba wanda ya so ya san na mene ne. Aka kora shanu bayan tudu, aka share kashinsu, aka malala farin rairayi a bakin rijiya. Sannan aka ɗaura wa jakuna sharet, wato amalanke, aka yi ta jigilar tano, manyan gangunan ruwa, daga fanfon Filinge, don a juye a ciki da safiyar zuwan baƙi.

Dijatu ta tare mijinta a ƙofar ɗaki, yana wanke laka a ƙafa.

"Maigida, mai ciwo in za shi likita ɓoye ciwon shi kai? Ku bar musu ruwan su gani yadda shike."

"Ke mi kinka sani? So kike a ce mu ƙazamai na, awa mutanen Gidan Ibrah? Baƙo shi taho tun daga Yamai mu nuna mishi wanga ruwa? Ni ba ni iya wagga kunya."

Gidan Ibrah ƙauye ne gaba da su kaɗan, abokan wasansu, waɗanda suka sami saƙon gardi suka ci gaba da barcinsu.

Ranar zuwan, tun da asuba aka juye ruwan a rijiya, sai ga baƙi. Shugabar masu binciken mace ce, Madam Hawa, siririya mai tabarau. Ita da hannunta ta zura guga, ta cika kwalabe, ta toshe, ta jera su cikin akwatin ƙanƙara. Ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken rana, ruwa garau. Maza suka kalli juna suna murmushi. Daga nan ta nufi inda mata ke tsaye, ta tsaya daidai gaban Dijatu, ta shafa kan Balkisu.

"Yaranku suna yawan ciwon ciki?"

Dijatu ta buɗe baki. Sai surukarta Hajara ta riga ta.

"Lahiya lau, ɗiyata. Sai godiyar Allah."

Tsohuwar ta kafe ta da ido. Ba a kai kukan gida gaban baƙo, ba a kuma ƙaryata uwar miji a bainar jama'a. Dijatu ta sunkuyar da kai, ta gyara goyo, ita ma ta ce lafiya lau. Kafin sati ya zagayo shanu sun koma mazauninsu, ruwa ya koma kalarsa.

Bayan an cire amfanin gona aka yaye Balkisu. Dijatu ta yi ta tafasa mata ruwa da wutar kara da kashin shanu, amma yarinya mai rarrafe wa zai tsare ta? Ƙwarya ce a nan, moɗa a can, kaka kuma na ba ta da hannunta. Zawo ya fara, ya tsaya, ya dawo.

Ana cikin haka wata hantsi aka ji rugugi. Babbar mota ce ɗauke da injin haƙa fanfo, ƙaramar motar Madam Hawa na gaba. Gari ya ruɗe, Magagi har da sa babbar riga. Madam ta fito ta gaida maigari, fuskarta a sake.

"Na tsaya in yi muku barka. Duk Kurfai ba mu sami ruwa mai kyan naku ba. Ku ba ku buƙatar komai. Na Gidan Ibrah kuwa ko dabba bai kamata ta sha ba, can za mu haƙa."

Wasu shashashai har sun fara tafi. Magagi bai yi ba, ya tsaya baki sake yana kallon injin.

Dijatu ta ratso maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kwance goyo, ta miƙa yarinyar gaban Madam. Wuyan Balkisu ya langaɓe, fatar cikinta ta yamutse.

"Madam, ruwan da kinka ɗiba na Hilinge na. Da tano anka kawo shi. Ga ruwanmu nan, duba shi da kyau."

Madam Hawa ta cire tabarau, ta dubi yarinyar, ta dubi maigari, ta dubi Magagi. Ta yi magana cikin ɓacin rai.

"Abin da kuka zuba shi na auna. An riga an raba fanfunan nan tun daga Yamai, ba ni da ikon sauke injin a nan. Zan kai magana, amma ban san ranar da zai sake biyowa ba. Yarinyar nan ku kai ta disfansar yau, kada ku kai gobe."

Ta ce Dijatu ta shiga ƙaramar motar, direba zai juya da ita Filinge. Dijatu ta shiga gida ta fito da ƙullin kayanta gaba ɗaya, har da tukunya. Magagi ya biyo ta har bakin mota.

"Wanga kaya hwa? Kwana nawa za ki yi?"

"In ta tashi, Gidan Ibrah za ni da ita, in roƙi ɗaki. Can zan haihu."

"In kuma…"

Bai ƙarasa ba. Ita ma ba ta taimaka masa ba, ta ja ƙofar mota ta rufe.