Fuskar Hajiya Atine a Layin Teloli

Hajiya Atine ta yi shekara ashirin tana gabatar da shirin mata a talabijin, sai aka fara cewa kyamara ta gaji da fuskarta. Saura kwana biyu a ja mata fatar fuska a asibiti, barci ya sace ta a kan darduma bayan azahar, ta yi wani mafarki.

Ta tsinci kanta a asibiti, amma asibitin layin teloli ne. An shanya fuskoki a igiya, ruwansu na ɗiga sama. Likitar jimina ce, da tef a wuya.

"Na zare, na yanka, ko na ciki?" in ji jiminar. "Tambayi waɗanda suka riga ki."

Mata uku na zaune a benci. Ta farko ta ce, "Ni zare aka sa min, kwana uku na warke. Sai dai in maƙwabciyata ta ja labule, girata ce ke ɗagawa."

Ta biyu ta ce, "Ni ta bayan kunne aka yanka, Yaya. Sati biyu kumburi ya saɓe, amma tun sallar bara idona bai rufu ba."

Ta uku ba ta da fuska, sumul kamar bayan ƙwarya. Muryarta ta fito daga jaka: "Na ciki ya fi ƙarko. Wata uku ake jinya. Tawa tana wajen guga."

Atine ta yunƙura ta gudu, ashe an ɗinke zanenta da kujera.

Jiminar ta sa baki ta zare mata layin tamoji ɗaya daga goshi. "Wannan na mene ne?"

"Na ranar da na haifi Nafi."

Aka jefa shi a kwano. Atine ta nemi ta tuna ko wace ce Nafi, ta kasa. Aka zare na gefen baki, dariyar marigayi mijinta ta bi shi. Layukan suna motsi a kwanon kamar tana.

Sai ga mahaifiyarta da ta rasu tuntuni, tana duba matan ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, ko kin ga 'yata?"

Atine ta so ta ce, Inna, ni ce. Bakin ya ƙi motsi, an ja shi har kunne. Inna ta yi godiya ta wuce.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ta. Ta daɗe zaune, tafuka biyu a kumatu. Da asibiti suka kira don tabbatar da lokaci, ta kifa wayar a kan darduma.