Gonar da Aka Hana Oronzo Gani

A shekarar da cutar itatuwa ta iso ƙauyen, ma'aikatan gwamnati suka shafa jan fenti a jikin zaitunan Oronzo, tun daga na bakin hanya har tsohuwar bishiyar da kakansa ma gadonta ya yi. Ranar da za a sare su, matarsa Nunzia ta ce masa ƙanwarta ba ta da lafiya, ta sa ya kai ta birnin Lecce suka kwana can. A ganinta, abin da ido bai gani ba zuciya ba ta riƙe shi. Da suka dawo ta bi gida-gida tana roƙon maƙwabta kada a yi masa zancen gona. Ko coci za su, sai ta ce a bi ta bayan maƙabarta, wai hanyar ta fi inuwa.

Oronzo ya san an sare su, domin warin rassan da aka ƙona bai bar garin ba. Bai tambaya ba. Ya ɗauki kujera ya ajiye a bakin tagar da ke kallon katanga, ya zauna.

Mutumin da yakan cinye faranti biyu na taliya ya suɗe da burodi, sai ga shi yana juya cokali ya ture. Barci ya ƙaurace masa. Abokan kartarsa suka zo suna tsokanarsa, wai ya gudu ne don ya gaji da shan kaye, ya ce su gai da gida. Wando ya fara zame masa. Nunzia ta huda sabon rami a bel ɗinsa, ba a jima ba ta sake huda wani. A nan tsoro ya kama ta, domin mahaifinta ma daga ƙin abinci ya fara, kuma bai kai lokacin girbi ba ya rasu.

Ta kirawo Cesaria, tsohuwar da ke cire wa mutane kambun baka. Cesaria ta zuba ruwa a faranti, ta yi addu'o'inta tana hamma, ta ɗiga man zaitun da ɗan yatsa. Man ya watse a kan ruwan. Ta ce ai ga shi nan, baki ne, kuma na kusa ne ya yi.

Oronzo, wanda ya kwana biyu bai haɗa magana ba, ya ce daga kujerarsa, "Inna Cesaria, man kanti ne fa. Wannan ko a kan waliyyi kika ɗiga shi sai ya watse."

"To mai bakin tsiya, tashi ka kawo naka mu gani."

Kalmar na fita Cesaria ta so ta mai da ita, domin nasa man ya tafi tare da zaitunan. Oronzo ya juya fuskarsa ga katanga. Cesaria ta karɓi ƙwan da aka ba ta ta fice.

Sai Nunzia ta sake yin dabara. Ta ce jininta ya hau, ya raka ta wajen likita. Dakta Manieri mace ce mai ƙarancin magana, ta duba Nunzia sama-sama, ta zaunar da mijin. Aka auna jini, aka saurari ƙirji, ba a sami komai ba. Ta tambayi lokacin da abin ya fara, Nunzia ta faɗa. Likitar ta ce ba hauka ba ne, ba kuma baki ba ne. Idan wani babban abu ya juya wa mutum rayuwa, aiki ya ƙare, ko an tashi daga gida, ko irin wannan, wata zuciyar takan kasa sabawa, sai ta hana ci da barci da shiga mutane. Ta ce a bana ta ga manoma da yawa a wannan kujerar, kuma yawancinsu sukan farfaɗo cikin watanni idan suka sami wanda za su riƙa buɗe wa ciki. Akwai mai wannan aikin a garin Maglie, za ta haɗa su.

Sannan ta dubi Oronzo. "Baba, ka je ka ga gonar?"

"Ba a bi da ni ta can," ya ce.

Nunzia ta ce ita ce ta hana, don kada ganin ya kashe shi. Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta dai tambaye ta ko a ƙauyensu ana hana mutum ganin gawar wani nasa kafin a rufe. Ta ce ba dole ba ne, amma in yana so a kai shi.

Washegari da safe Nunzia ta fito da 'yar motarsu mai ƙafa uku. Oronzo ya shiga bai tambayi inda za su ba. Gonar ta zama fili, jar ƙasa da kututture jere har katangar dutse. Ya sauka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Nunzia ta zauna a mota tana riƙe da sitiyari, tana jiran ya faɗi.

Bai faɗi ba. Ya tsaya a kan wani kututture ya daɗe yana duban saran.

"Wane jaki ne ya riƙe zarto a nan? Dubi yadda ya tsaga ta."

Daga nan ya zauna a kai ya yi kuka, irin na tsofaffin maza, kafaɗa na rawa babu sauti. Ta bar shi har rana ta yi zafi. Da ma ta ƙunso burodi da tumatir a tsumma don kanta, ta je ta zauna a gefensa ta buɗe. Can ya miƙo hannu ya gutsura.

Rabi ya ci. Ya ce gishiri bai ji ba, sannan ya tambaya wace rana ce za a je Maglie ɗin, don shi ba zai bari ta tuƙa shi a babbar hanya ba.