Ƙunshin Radmila da Gashin Tattasai

Radmila ce ke kula da kwamfutocin wata ƙaramar maɗaba'a a birnin Niš na ƙasar Sabiya. Babbar kwamfuta ɗaya gare su, amma an raba cikinta zuwa ƙananan kwamfutoci goma sha ɗaya, kowace na aikinta kamar mai zaman kanta. Da hannu take kunna su tana kashewa. Akwai manhajar da ke wannan aiki cikin sauƙi, sai dai don kwamfutoci masu tsarin Linux aka rubuta ta, ita kuwa Radmila shekara ashirin tana kan wani tsarin daban mai suna FreeBSD, ba ta da niyyar ƙaura. Sai ta ɗauri aniyar gyara manhajar ta ƙunshe ta, yadda duk mai irin tsarinta zai sauke ta da umarni guda.

Mako uku ta yi tana fama kafin manhajar ta tashi. Ta aika ƙunshin ga masu tantance manhajojin FreeBSD, aikin kuwa ya faɗa hannun ƙaninta Branimir, wanda ita ta koya masa kwamfuta. Washegari ya dawo mata da shi: “Ba ya tashi.”

Ranar Asabar suka haɗu gidan mahaifiyarsu, domin lokacin yin ajvar, miyar gasasshen tattasai da ake adanawa a kwalba, ya zo, ga buhun jan tattasai huɗu na jiran gashi. Radmila ta ajiye kwamfutarta kan kujera kusa da murhu.

“Zo ka gani da idonka, malam mai tantancewa. Ga shi yana tashi.”

“A wajenki yana tashi, Yaya,” in ji Branimir, yana juya tattasai. “Buɗe sabuwar ƙaramar kwamfuta a cikin taki, wadda ba a taɓa sa mata komai ba, ki gwada.”

“Ni za ka koya wa aiki? Ni na nuna maka inda ake kunna ta.”

Duk da haka ta gwada, manhajar ta ƙi. Ta bi saƙon kuskuren layi-layi. Ashe wani ɗan fayil ne ta taɓa ajiyewa da hannu a kwamfutarta tun makon farko, ta manta ba ta sa shi cikin ƙunshin ba.

“Kada ka ce komai,” ta ce.

“Ban ce ba. Murmushi kawai nake.”

Mahaifiyarsu ta leƙo daga kicin. “Tattasan nan ba zai ɓare kansa ba.”

Radmila ta ƙara layi biyu, ta bar kwamfutar tana haɗa ƙunshin, suka zauna ɓara har yatsunsu suka yi baƙi. Kafin tukunyar farko ta dahu aikin ya kammala lafiya. Branimir ya goge hannu a wando, ya amince da shi daga wayarsa.

Ranar Talata saƙo ya shigo daga wata malamar makaranta a Portugal. Ta yi godiya sosai, sannan ta tambaya yaushe za a ƙunshe sabon zubin manhajar da ya fito jiya. Radmila ta yi dariya, ta ɗora kofi, ta ja kujera.