Mutumin Runjin Sambo

Iskar da ta taso da la'asar ɗin jiya ba irin wadda Sakkwatawa suka saba gani a farkon damina ba ce. Gabas ta yi ja, ta rikiɗe ta yi baƙi, kafin masu talla su kife farantansu kwanon gidaje ya fara tashi sama kamar ana sheƙar gero. Ruwa ya biyo baya ya kwana yana zuba. Da gari ya waye babu wuta, babu sabis a waya, ladan ma da bakinsa ya yi kiran salla, muryar ta zo siririya kamar daga wani gari.

Soron Inna Bara'atu na Ƙofar Dundaye, tsohon ginin ƙasar da 'yan zamani ke yi wa dariya, indararo ɗaya kawai ya rasa. Amma mai soron ba ta runtsa ba, kuma ba don tsoron azara ba. Ɗanta na fari, Zulkifilu, yana unguwar Runjin Sambo da matarsa da 'ya'yansa, cikin sabon gidan bulo da ya gina, ita kuwa ba ta san ko ya kwana da rai ba.

Wani zai ce ai sai ta tafi ta gani. To wanda ya faɗi haka bai san Bara'atu ba, bai kuma san gidan da ta fito ba. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta taka gidansa sai da dalili mai ƙarfi. Tun da aka yaye shi ƙanwar mijinta, Atika, ta ɗauke shi riƙo. Yau ya haura arba'in, gemunsa har ya fara furfura, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce mutumin Runjin Sambo. Matan unguwa suna yaba mata wannan kara, ita ma, a gaskiya, tana jin daɗin yabon.

Sai ta yi dabara irin ta tsofaffi. Ai bayan ɓarna irin wannan ana zaga dangi a yi jaje. Za ta bi gida gida, a cikin hira wani zai ambaci Runjin Sambo, ta ji abin da take son ji ba tare da ta tambaya ba. Ta yafa mayafi ta aika aka kira Mode, maƙwabcinta mai keke napep, dattijon da ba ya iya tuƙi bakinsa a rufe.

Ranar kuwa bakin nasa a rufe yake, domin garin da suka shiga ba garin da suka sani ba ne. Icen dogon yaro ya kwanta a tsakiyar titi, saiwoyinsa a sama, ɗacin ganyensa ya cika iska. Turakun wuta sun sunkuya, wayoyi sun zubo ƙasa, wani fallen kwano ya naɗe a jikinsu yana kuka a hankali duk da babu iskar da ke kaɗa shi. Gidaje sun zama a buɗe, abin da aka ɓoye shekara da shekaru yana kallon sama. Ta ga gado da gidan sauronsa a ɗaure, babu ɗaki. Ta ga bango guda a tsaye shi kaɗai, agogo na rataye a jikinsa yana tafiya. Ba injin niƙa, ba janareto, ba rediyo, ko kukan tsuntsu babu. Mutane na tsince kayansu cikin laka suna magana ƙasa ƙasa, kamar masu tsoron kada abin da ya wuce ya ji su ya dawo.

Can Mode ya gyara murya ya ce 'yan kabu-kabu masu haya da mashin na faɗin wai Runjin Sambo ta fi ko'ina jin jiki. Ya saci kallonta ta madubi. Bara'atu ta gyara mayafi ta ce Allah shi kyauta, sannan ta tambaye shi ya nasa rufin.

Suka fara da gidan ƙaninta Malami, kusa da Hubbare. Nan ma shiru, masu ziyara da masu sayar da tasbaha duk ba su fito ba. Rabin rumfar Malami ya tafi, ta yi masa sannu da arziki, ta yi addu'ar Allah shi mayar da alheri. Malami mutum ne mai barkwanci, kullum sai ya tsokane ta a kan soronta, amma yau ya shimfiɗa mata tabarma da hannunsa, ya kawo mata ruwa da kansa, ya zauna yana kallon ƙasa. Matarsa ta leƙo, ta gaishe ta da wani irin ladabi mai yawa, ta koma ɗaki da sauri. Labarin zuciya a tambayi fuska, Bara'atu ta ga fuskokin ta kuma ƙi tambaya.

Da ta miƙe, Malami ya raka ta zaure. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Yaya, kin ko biya Runjin Sambo?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Abin da ya rage ta ce mene ne. Amma harshen da aka horar shekara arba'in ba ya saɓa wa mai shi rana ɗaya.

"Mi zan yi can?" ta ce. "Ba su da manya na?"

Malami ya ɗago ya dube ta. Shi a nasa tunanin ta riga ta ji, wannan dauriya ce irin tata, kuma ba shi zai karya mata ita ba. Ya ce haka ne, Allah shi ba mu haƙuri. Ita kuma ta ɗauki maganar haƙurin a kan rumfa, ko kuma ta so ta ɗauka haka. Suka rabu kowa yana ganin ya yi wa ɗan'uwansa kara.

Daga nan ta ce a kai ta gidan Atika, bayan kasuwa. In akwai mai labarin yaron, ai mai riƙonsa ce, kuma Atika ba ta iya minti biyu ba ta ambace shi ba. Ta yi sallama, shiru. Ta ƙara, shiru. Ta tura ƙyaure ta shiga. Iska ba ta taɓa gidan ba ko kaɗan, shi ne ma abin da ya fi ba ta tsoro. Ga buta cike a bakin ƙofa, ga dadduma a shimfiɗe da carbi a kai, ga koko a kofi ya yi fata. Takalmin Atika ƙafa ɗaya yana tsakar gida, ɗayan babu.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga. Baƙuwa ce a unguwar, ba ta san Bara'atu ba, don haka ta faɗi magana yadda take. Ta ce tun da sassafe aka zo da mashin aka ɗauki Goggo, wai gini ya faɗa wa ɗanta a Runjin Sambo, ana ta tono ba a gan shi ba. Ta ƙara da cewa baiwar Allah, ɗan nata ke nan guda.

Bara'atu ta dafa bango. An tashi mutum takanas ya zo ya gaya wa uwar yaro, kuma ba ƙofarta aka buga ba. Ba wanda ya yi mata laifi. Ita ta koya wa garin nan cewa ba ruwanta da shi, garin kuma ya haddace karatun. Ta fito ta shiga keke. Mode bai tambaye ta inda za su ba.

A Runjin Sambo sai da suka ajiye keken suka taka da ƙafa, suna tsallake katako da kusoshi. Gidan ba ya bukatar kwatance, taron mutane ya nuna shi. Tankin ruwan maƙwabta ya faɗo a kan rufin, bangon ɗakin maigida ya zube ciki, doguwar katangar baya ita ma ta kwanta a lungun da ke tsakaninsu da gidan kusa. Maza na ɗaga bulo da hannu a wurin ɗakin, don nan matarsa Nafisa ta ga ya shiga lokacin da ta kwashi yara ta gudu. Sun kai har kan katifa, babu kowa. Lokaci lokaci wani ya ɗaga hannu a yi tsit, a kira sunansa, a kasa kunne. Abokansa sun kira, liman ya kira, Atika ta kira har muryarta ta dishe, tana zaune a laka da takalmi ƙafa ɗaya.

Da aka ga Bara'atu sai aka dare aka ba ta hanya. Wata ta kawo kujera 'yar tsugune ta ajiye mata can gefe, inda ya dace da uwar ɗan fari, nesa kaɗan, kamar wadda ta zo jajen maƙwabta. Ta zauna. Ta ji wata tsohuwa na raɗa wa ta kusa da ita cewa kin ga mata na da, ko gezau. Yabon da ta saba sha kamar zuma, yau ya zame mata maɗaci.

Aka sake ɗaga hannu, aka yi tsit, wani ya kira. Babu amsa. Shirun ya yi tsawo, har ana jin ɗigar ruwa daga karyayyen tankin. Bara'atu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta taka har bakin tarin bulon, mayafinta ya zame bai dame ta ba. Ta buɗe baki, sunan ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙashin kifi, domin ba ta san yadda yake fita ba. Sai ta tura shi da ƙarfi.

"Zulkihilu."

Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma duk wanda ke wurin ya ji, mata suka sunkuyar da kai kamar sun ga tsiraici.

"Na'am."

Muryar namiji ce, a natse, ba nishi ba wahala, irin amsar wanda aka kira yana zaune a tsakar gidansa. Kuma ba daga ɗakin ta fito ba, daga lungun baya ta fito, ƙarƙashin katangar da ba wanda ya kula da ita. Atika ta zabura ta miƙe. Mode ya ce wallahi shi ma ya ji. Maza suka kwasa da gudu suka koma lungun, ana kabbara, ana cewa a yi a hankali yana da rai. Nafisa ta faɗi ta yi sujada a cikin laka.

Suka fara cin karo da madubin mashin ɗinsa, sannan kafaɗarsa. Yana kwance a gefen mashin ɗin, makulli a hannunsa, tamfol a naɗe an ɗaure a bayan sirdi. Ashe ta ƙofar baya ya fita. Nafisa ta tambaya cikin kuka ina za shi cikin wannan iska. Bara'atu ta sani, soronta za shi rufewa. Duk ruwan farko sai ya zo Ƙofar Dundaye, ya tsaya a zaure ya tambayi iska ko soro ya yi yoyo, ita kuma ta amsa wa bango daga ciki cewa bai yi ba.

Liman ya durƙusa ya kama hannun zai cire makullin, yatsun suka ƙi buɗewa. Ya taɓa wuya, ya taɓa goshi, ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, kabbarar ta mutu a bakin mutane.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Jama'a, wanga bawan Allah tun jiya yac cika. Jikin ya riga ya sanƙare."

"Amma Malam, ya amsa," in ji Mode. "Mu dut mun jiya."

Liman bai ce ba su ji ba. Ya cire rawaninsa ya rufe fuskar mamacin, ya ce a kawo tabarma. Mutanen da ke kusa da Bara'atu suka ɗan ja da baya ba tare da sun sani ba, kowa na kallon ƙasa. Atika ce kaɗai ta matso, ta kama hannunta, ta ce cikin dishewar murya, ita ta kira tun safe bai amsa mata ba.

Aka ɗauke shi aka shigar da shi ɗakin da ya rage da rufi, kafin a kawo ruwan wanka. Mata suka taru a tsakar gida suna jiran su ga ko uwar za ta koma kujerarta ta gefe. Ba ta koma ba. Ta bi bayan tabarmar ta shiga, ta zauna dab da kansa, wurin da ba ta taɓa zama ba tun yana shan nono. Ta yaye rawanin, ta share masa laka daga gemu da bakin zanenta. Ba ta taɓa kallon fuskar nan ta ƙoshi ba, sai yau ta ga ashe goshin mahaifinta ne da shi.

Ta waiwaya ta ga ba kowa a bakin ƙofa. Ta sunkuya daidai kunnensa ta sake kiran sunan, wannan karon ya fito mata da sauƙi, kamar ta saba. Ta kasa kunne ta jira. Ta ƙara kira, ta kuma jira, har masu wanka suka yi sallama a bakin ƙofa, bai sake amsawa ba.