Kafaɗar Baba

Tun da ƙanwata ta fara koyon zane, ban ga ta zana abin kirki ba. Kullum ƙwai: ƙwai a tsaye, ƙwai a kwance, ƙwai da inuwarsa. Malaminta ya ce sai hannunta ya faɗa kafin ta taɓa fuskar mutum. Ni kuwa na laƙaba mata Kaza, sunan ya bi ta.

Ranar da Baba ya ɓace, wasa ya ƙare. Tsufa ya riga ya taɓa masa tunani, ko sunayenmu ba ya riƙewa. Mama ta fito daga wanka ta tarar da ƙofa a buɗe. Babu hotonsa a wayar kowa, don ya tsani hoto, na bango kuwa na samartaka ne. Duk wanda muka tambaya sai ya ce tsofaffi ai da yawa. Ga rana ta take, ga babban titi kusa, motoci ba sa jiran kowa.

Kaza ta tsuguna a bakin rumfar mai gyaran takalmi, ta zaro takarda da fensir. Da na leƙa na ga ƙwai ta fara, raina ya ɓaci.

"Ubanmu ya ɓace, ke kin zauna saka ƙwai?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta karkatar da ƙwan, ta ja layi ɗaya ya zama kafaɗar nan da saɓa keken ɗinki ya sauke tun muna yara. Ta sa inuwa a ƙarƙashin ido, ta murza da yatsa. Tsoro ya kama ni, don Baba ne ke kallona.

Mai gyaran takalmi ya ce wannan kafaɗar ta wuce ɗazu, ta yi wajen titi. Muka ruga. Mai wankin mota ya duba takardar, ya nuna mana tsallake.

A ƙofar tsohon shagonsa na ɗinki muka same shi, yana jira a buɗe. Bai gane mu ba. Ya karɓi takardar daga hannun Kaza, ya daɗe yana kallo.

"Mahaifina ne," in ji shi. "Ashe ya tsufa haka. 'Yan mata, wa ke kula da shi?"

Kaza ta riƙo hannunsa ta ce, "'Ya'yansa, Baba. Taso mu tafi."